Super Falcons: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

Na san wani zai buɗe wannan shafi ya ga kanun maganar ya ce, to fa! Yau kuma ƙwallo aka koma, ƙwallon ma na mata? A yi haƙuri a bi ni a hankali. Tun daga daren Asabar 26 ga Yulin 2025, lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya, wadda ake kira Super Falcons, ta ci kofin Afirka karo na goma, maganarta ta shiga majalisun matasa a Birnin Kudu da Gwaram kamar yadda ta shiga ko'ina a ƙasar nan, musamman da aka ji irin dukiyar da Shugaban ƙasa ya yi shelar ya ba 'yan wasan. Kuma in aka tayar da zancen, a teburin mai shayi ne ko a ƙofar gidan kallo, ba ya wuce ɗayan biyu. Ko dai a yi tsaki a ce ai wasan mata ne, ba abin da namiji zai ɓata bakinsa a kai, ko kuwa a hau zagin 'yan matan, wai don me za a kwashi miliyoyi a ba su alhali talaka na kwana da yunwa. Ni kuwa a ganina duka biyun an bar jaki ne ana dukan taiki. Duk wanda ya zauna ya karanta sakamakon wasannin ƙungiyar nan, ya kuma jera shi kusa da yadda mahukunta suka yi da ita, zai ga hoton yadda ake mulkin ƙasar nan ƙarara, kuma zai ga kansa a cikin hoton.

Bari mu fara kawar da magana ɗaya daga hanya. Ba wanda ya ce shigar da ake buga wasan nan da ita shiga ce ta 'yar Musulmi, kuma wannan rubutu bai zo don ya ce wa kowa ya kai ƙanwarsa fili ba, balle ya je ya zauna yana ƙura wa mata ido a talabijin. Wannan hukuncinsa sananne ne a wajen malamai. Sai dai zalunci sunansa zalunci ko a kan wa ya faɗa, kuma wanda aka ɗauka aiki aka hana shi ladansa an zalunce shi, ko da kai ba ka ƙaunar aikin da yake yi. Sannan ɗan'uwan da ya fi kowa ɗaga murya a kan wasan mata, alhali ya baro Magariba da Isha a gidan kallo saboda Arsenal da Chelsea, ga kuma takardar caca a aljihunsa, ya kamata ya ɗan sassauta murya.

To ga abin da ke rubuce. A gasar da aka yi a ƙasar Maroko cikin watan Yulin 2025, wasa shida 'yan matan nan suka buga, ba a doke su ko sau ɗaya ba. Sun ci Tunisiya 3-0, suka ci Botswana 1-0 da ƙyar da jibin goshi a mintunan ƙarshe, suka tashi canjaras ba ci da Aljeriya. Daga nan suka haɗu da Zambiya, wadda aka yi ta zuzutawa saboda tana da Barbra Banda, gwarzuwar 'yar wasan Afirka ta 2024, suka yi mata ruwan ƙwallaye 5-0. A wasan kusa da na ƙarshe suka gamu da Afirka ta Kudu mai riƙe da kofin, ana 1-1 har minti 90 ya cika, sai Michelle Alozie ta ɗaga wani ƙwallo daga nesa ya wuce kowa ya faɗa raga.

Wasan ƙarshe a birnin Rabat aka yi shi, da masu masaukin baƙi, a gaban dubban 'yan ƙasarsu. Kafin minti 25 Maroko ta zura biyu, ta hannun kyaftin ɗinsu Ghizlane Chebbak da Sanaa Mssoudy, haka kuma aka tafi hutun rabin lokaci. Wanda duk ya san ƙwallo ya san cewa a ci ka biyu a gidan mutane, a wasan ƙarshe, yawanci an gama magana. Da aka dawo, Esther Okoronkwo ta ci fenariti a minti na 64, Folashade Ijamilusi ta farke na biyu a minti na 71, alƙaliyar wasa ta ba Maroko fenariti sannan ta je ta duba na'ura ta soke shi (abin da ya yi wa 'yan Maroko zafi ƙwarai, har suka kai ƙara), sai Jennifer Echegini ta zura na uku saura minti biyu a tashi. Ƙwallo 14 suka ci a gasar baki ɗaya, uku kacal aka zura musu. Kocin da ya ja su kuwa Justin Madugu ne, ɗan jihar Adamawa, wanda a lokacin ma riƙon ƙwarya yake yi.

Tun daga 1998 zuwa wannan ta 2025 an buga gasar sau 13, Nijeriya ta ɗauki goma. Ƙasar Equatorial Guinea ta ɗauki biyu, a 2008 da 2012, Afirka ta Kudu ta ɗauki ɗaya a 2022. Sai a kwatanta da Super Eagles da muke kwana muna tashi da su, waɗanda suka ci kofin Afirka a 1980 da 1994 da 2013, suka kasa zuwa gasar cin kofin duniya ta 2022, suka sake kasa zuwa ta 2026. Mai cewa ai wasan mata ne sai ya gaya mana abin da wasan mazan ya kawo gida tun daga 2013.

Amma kada ɗoki ya kwashe mu, domin da zarar an fita daga Afirka lissafin yakan canja. Tun da aka fara gasar cin kofin duniya ta mata a ƙasar Sin a 1991, sau tara aka buga ta zuwa 2023, kuma Nijeriya ba ta taɓa fashin zuwa ba. Sai dai sau uku kawai ta tsallake zagayen farko: 1999 da 2019 da 2023. Mafi nisan da ta taɓa yi shi ne a Amurka a 1999, inda ta shiga cikin ƙasashe takwas na ƙarshe, Brazil ta fitar da ita 4-3, kuma har yau ba a sake taka wannan matakin ba. A 2023 a Ostareliya sun yi abin a yaba. Sun riƙe Kanada, mai riƙe da zinaren Olamfik a lokacin, aka tashi ba ci, bayan mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair. Sun ci masu masaukin baƙi 3-2 a birnin Brisbane, suka yi canjaras da Ailan, suka riƙe Ingila minti 120 ba ci, sai a bugun fenariti aka fitar da su 4-2 ranar 7 ga Agusta. Shekara ɗaya bayan haka, a wasannin Olamfik na 2024 a Faransa, wanda rabon su da zuwa tun 2008, Brazil ta ci su 1-0, Sifaniya ta ci su 1-0, Japan ta ci su 3-1, suka dawo gida ba maki ko ɗaya. Wato a gida su ne zakaru, a waje kuwa sukan kai bakin ƙofa su tsaya. Shin mene ne ke tsayar da su a bakin ƙofar nan shekara da shekaru?

Amsar tana bayan takardar, sai a juya ta a karanta. A 2004 sun ci kofi a Afirka ta Kudu, suka ƙi fita daga otal ɗinsu sai an biya su alawus ɗinsu. A ranar 3 ga Disambar 2016 sun ci Kamaru 1-0 a birnin Yawunde, a gaban 'yan Kamarun, suka dawo Abuja da kofi, aka ajiye su a otal ɗin Agura aka ce kowa ta kama gabanta, kuɗi sai wani jiƙon. Suka ce ba inda za su, ba kuma za su miƙa kofin ba. Kusan mako biyu suna zaune, har ta kai ranar 14 ga Disamba, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya je gabatar da kasafin kuɗin 2017, suka ɗauki kwalaye suka nufi ƙofar Majalisar Tarayya, sannan fa aka ji kunya aka saki kuɗin. A cikin wannan dambarwa ne Ministan wasanni na lokacin, Solomon Dalung, ya gaya wa 'yan jarida cewa ai ba wanda ya san za su ci kofin. Ku ji fa! Ƙungiyar da ta riga ta ci kofin nan sau bakwai, ita ce wai nasararta ta zo wa gwamnati ba zata. Bayan haka kuma aka bar su shekarar 2017 gaba ɗaya ba su buga wasa ko ɗaya ba, a watan Afrilun 2018 kuma aka kwashe su aka kai wa Faransa ta zura musu takwas ba ko ɗaya. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato NFF, ta mayar da fafe gora ranar tafiya al'adarta.

A 2019, bayan Jamus ta fitar da su 3-0 a gasar duniya, sun sake zaman dirshan a otal a garin Grenoble na ƙasar Faransa a kan tsofaffin basussuka, a idon 'yan jaridun duniya. Kyaftin ɗinsu ta lokacin, Desire Oparanozie, wadda ita ce ta ci ƙwallon da ya kawo kofin 2016, ba a jima ba aka karɓe kyaftin ɗin daga hannunta. A 2022 a Maroko, bayan sun buga wasan kusa da na ƙarshe da mutum tara a fili, saboda an ba Halimatu Ayinde 'yar Kaduna da Rasheedat Ajibade jan kati, suka kuma jure har zuwa bugun fenariti kafin a fitar da su, sai ga shi sun ƙaurace wa atisaye saboda ba a biya su ba. Zambiya ta ci su a wasan neman na uku, suka dawo a na huɗu.

A 2023, ana gab da tafiya Ostareliya, kocinsu na lokacin, Ba'amurke Randy Waldrum, ya fito fili ya ce yana bin albashin watanni, ya kuma tambaya ina dala 960,000 da hukumar FIFA ta ba kowace ƙasa don shirin gasar. Maimakon a fito da takardu a nuna wa jama'a, sai kakakin hukumar ya mayar masa da baƙar magana. A gasar ne FIFA ta ware wa kowace 'yar wasa kuɗinta daban, dala 30,000 ga wadda ta tsaya a zagayen farko, dala 60,000 ga wadda ta kai zagayen 'yan 16, kuma Sakatariyar FIFA ta lokacin, Fatma Samoura 'yar Senegal, ta shiga ɗakin 'yan wasan Nijeriya ta gaya musu cewa saboda irin abin da ake yi musu ne aka killace kuɗin haka. Abin kunya ya wuce wannan? Kuma gasar na ƙarewa ƙungiyar 'yan wasan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta fitar da sanarwa cewa tana taya 'yan Falcons neman haƙƙoƙinsu, wasu tun na 2021. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

To sai ga ranar Litinin 28 ga Yulin 2025. Aka tarbi 'yan wasan a fadar Shugaban ƙasa, Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar ba kowace ɗaya daga cikin su 24 kwatankwacin dala 100,000 a naira, da gida mai ɗaki uku, da lambar girmamawa ta OON, masu horarwa su 11 kuma kowa dala 50,000 da gida. Ƙungiyar gwamnoni ta ƙara musu naira miliyan goma-goma. Kuɗin Shugaban ƙasa kaɗai, ban da gidajen, sun tasar wa dala miliyan uku, alhali ladan kofin kansa da hukumar CAF ta bayar dala miliyan ɗaya ne. A canjin wancan lokaci dala 100,000 ta haura naira miliyan 150. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi fiye da shekara 170 yana tarawa kafin ya haɗa wannan kuɗi.

Don haka fushin da matasa suka yi ba a banza ba ne, ruwa ba ya tsami banza. Mako ɗaya kafin wannan biki tsofaffin 'yan sanda suna kan titin Abuja suna zanga-zanga a kan fanshon da bai isa abincin mako ba. Malaman firamare na Abuja ɗin kanta sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a wannan shekarar a kan a fara biyan su mafi ƙarancin albashi. Kwana biyu bayan bikin, ma'aikatan jinya na asibitocin gwamnatin tarayya, rukunin da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu ke ciki, suka shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Mako guda bayan haka 'yan wasan ƙwallon kwando na mata suka ci nasu kofin a Abidjan, aka maimaita musu kyauta iri ɗaya. Sannan a cikin watan Agusta wata ɗaliba 'yar jihar Yobe da ta zo ta ɗaya a wata gasar Turanci ta ƙasa da ƙasa, aka kira ta Abuja aka miƙa mata naira 200,000. Duk wanda ya jera waɗannan bai ji zafi ba, to a duba zuciyarsa.

Sai dai a ina ya kamata zafin ya sauka? 'Yan matan nan ba kyauta suka yi shekara ashirin suna zaman dirshan a kanta ba. Abin da suke nema tun 2004 shi ne alawus ɗin sansani da ladan wasa da aka yi yarjejeniya da su a kai, wato guminsu, a biya su a kan lokaci ba sai sun ɗauki kwali ba. Wannan shi ne haƙƙi, kuma shi ne ainihin abin da ma'aikaciyar jinya da malamin firamare da tsohon ɗan sanda suke nema. Haƙƙi yana da rana, yana da adadi, ana rubuta shi, in an hana ka kana da bakin tambaya. Kyauta kuwa ta mai bayarwa ce, shi ke zaɓen ranarta, shi ke zaɓen wanda zai ba, shi ke kiran masu ɗaukar hoto, kai kuma naka godiya da durƙuso. Shi ya sa mahukuntanmu suka fi son ta, domin wanda aka biya haƙƙinsa tafiyarsa yake yi ba ya bin kowa da kirari, wanda aka yi wa kyauta kuwa an saye bakinsa. Ko yaron da ke aji uku a Islamiyya ya san cewa in mutum ya mutu sai an biya bashinsa kafin a zartar da wasiyya ko a raba gado, ya kuma san cewa mai hali da ke jan ƙafa wajen biyan bashi azzalumi ne. Mutumin da ma'aikatan gonarsa ke bin sa kuɗin noma, ya je gidan biki yana yi wa maroƙa liƙi, ba wanda zai kira shi mai kyauta a Gwaram.

In kuwa ana son a san ko kyautar ta gyara wani abu, ba sai an je nesa ba. Wata huɗu bai cika ba, ranar 11 ga Nuwambar 2025, a birnin Rabat ɗin nan dai, 'yan Super Eagles da masu horar da su suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus, kwana biyu kafin wasan da zai kai su ko ya hana su zuwa gasar duniya. Sun ci Gabon, ranar 16 ga wata kuma Kongo ta fitar da su a bugun fenariti.

Akwai kuma wani abu a cikin sakamakon da ya kamata a lura da shi. Michelle Alozie da ta fitar da Afirka ta Kudu, a Amurka aka haife ta, can ta yi karatu, can aka koya mata ƙwallo. Jennifer Echegini da ta ci ƙwallon da ya kawo kofin, a ƙasar Holan aka haife ta, ta tashi a Ingila. Ashleigh Plumptre da ke tsaron baya haifaffiyar Leicester ce. Waɗanda ma suka tashi a gida, irin su Nnadozie da ta fito daga Rivers Angels da Ajibade da ta fito daga FC Robo ta Legas, sai da suka tsallaka Turai suka sami albashi tsayayye da likita da filin kirki. Ba laifin yaran ba ne, 'yan ƙasa ne, sun kuma zaɓi su yi wa ƙasar iyayensu aiki. Amma ƙasar da wasu ke yi mata shuka ita sai dai ta zo girbi, ta sani cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Dubi Maroko da aka doke. Kafin 2022 rabon ta da zuwa wannan gasa tun 2000. A 2019 ta buɗe katafariyar cibiyar horar da 'yan wasa ta Muhammad na Shida kusa da Rabat, a 2020 ta fito da shiri na shekara huɗu wanda a cikinsa hukumar ƙwallonsu ta ɗauki nauyin albashin 'yan wasan ƙungiyoyin cikin gida duk wata. Cikin shekara biyar ta kai wasan ƙarshe sau biyu, ta je gasar duniya ta 2023 ta tsallake zagayen farko a zuwanta na farko, inda 'yar wasanta Nouhaila Benzina ta zama mace ta farko da ta buga babbar gasar da lulluɓi a kanta. Ba ina yabon sarautar Maroko ba ne, tana da nata abin da za ta amsa. Abin da nake nunawa shi ne su albashi suka sa a gaba, mu kuwa liƙi, kuma tazarar da ke tsakani tana ta raguwa. Ƙasashen da a da ake yi wa cin kaca, yau sai a mintunan ƙarshe ake ƙwatar kai a hannunsu. Ko a watan Oktoban 2025, wajen neman gurbin gasa ta gaba, bayan an ci Jamhuriyar Benin 2-0 a Lome, 1-1 aka tashi da ita a Abekuta.

Yanzu mu dawo gida, don na ce mai karatu zai ga kansa a hoton. Wane matashi ne a Birnin Kudu ko Gwaram bai san gasar cin kofin Honarabul wane ba? Da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ga an buga riguna da hoton ɗan takara a ƙirji, an tara ƙungiyoyi daga Babaldu da Kantoga da Sundimina, ko daga Sara da Basirka da Farin Dutse da Fagam, a yi wata guda ana gwabzawa a filin firamare mai tsakuwa, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa. Ranar ƙarshe a kafa rumfa, a zo da jerin motoci, a miƙa kofi da ambulan, wataƙila da babur, a ɗauki hoto, a watse. Yaron da ya karye a zagaye na biyu kuwa, iyayensa ne za su kai shi wajen mai ɗori da kuɗinsu. Filin yana nan yadda yake, turakun ragar ma na aro ne, sai kuma bayan shekara huɗu. Abin da aka yi wa Falcons a fadar Shugaban ƙasa shi ne wannan, illa dai nasu da dala ne namu da naira. Haka kuma ake yi mana a wajen fili: a bar makaranta ba alli a raba buhun shinkafa, a bar asibiti ba magani a raba atamfa da taliya, mu kuma mu bi mota da gudu muna sai ka yi.

Ƙasar nan tamu ba ta rasa shaidar abin da gini mai ɗorewa ke haifarwa ba. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ita ta yaye Abubakar Rimi da Aliko Ɗangote, ko kana son su ko ba ka so. Ba ambulan aka miƙa musu ranar biki ba, makaranta aka gina, aka zuba malamai, aka riƙa biyan su duk wata shekara da shekaru, ba mai ɗaukar hoto a wurin.

A nan ne kuma nake ganin 'yan matan nan sun fi da yawa daga cikinmu. Sun san adadin abin da suke bi, sun san wanda ke riƙe da shi, sun haɗa kai sun ƙi tashi, ba su fasa gilashin kowa ba, ba su ƙona taya ba, kuma sau da dama sai da aka biya. Mu fa? Matashin da zai jero maka 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya da na benci, da albashin kowannensu a mako, tambaye shi nawa ƙaramar hukumarsa ta samu daga asusun tarayya a watan jiya, sai ya hau sosa ƙeya. Alhali ana buga wannan lissafi duk wata, wayar da yake duba sakamakon wasa da ita za ta iya nuna masa, kuma tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a miƙa musu kai tsaye.

Zaɓen 2027 zai zo da nasa kofunan, ba makawa. Ba na cewa kada a buga, motsa jiki abu ne mai kyau, ya fi zaman majalisa ana gulma. Amma kafin a sa rigar mai hoton, shugabannin ƙungiyoyi su zauna wuri ɗaya su rubuta abin da suke so a takarda: wa zai ɗauki nauyin wanda ya ji rauni, nawa ne ladan alƙalan wasa kuma yaushe za a biya su, za a share filin a kafa turakun ƙarfe da za su zauna bayan an watse ko kuwa, kuma makarantun 'yan mata na yankin nan, su ma za a kewaye musu wurin da za su motsa jiki a cikin sutura ba idon maza ko kuwa. A kai wa mai kofin ya sa hannu tun kafin a busa usur na farko. In ya ƙi sa hannu, ya riƙe kofinsa.